IDAN MUJALLAR MALAMAI TA RUBUTA "SHINE", WA ZAI GYARA WA ƊALIBI?



Yau ba darasin da muka saba ba ne. Yau tarke za mu yi, kuma abin da za mu baje a faifai ba rubutun 'yan Facebook ba ne, ba na masu allon talla a bakin titi ba ne. Mujallar ilimi ce, irin wadda malamanmu na jami'a suke buga maƙalunsu a ciki. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Kwanakin baya na yi wa wani ɗalibi gyara a nan. Ya rubuta "shine", na ce masa "shi ne" ake rubutawa, domin kalmomi biyu ne: wakilin suna da dirka. Bai yi musu a fili ba. Da dare sai ga saƙonsa ta akwatin sirri, ya turo mini wata mujallar nazarin Hausa da aka ɗora a intanet, ya ja jan layi a wurare uku. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba gardama nake yi ba. Amma ga shi malaman jami'a sun rubuta haka, kuma an tantance kafin a buga. To, wa zan bi, kai ko su?"

Wallahi tambayar ta tsaya mini a rai. Yaron bai yi ƙarya ba, "shine" ɗin yana nan, ba sau uku kaɗai ba ma. Sai na zauna na karance fitowar gaba ɗaya, daga bango zuwa bango. Ba zan faɗi sunan mujallar ba, ba kuma zan faɗi sunan marubuci ko ɗaya ba, domin ciwon ba nata ba ne ita kaɗai. Kuma in faɗi gaskiya tun da wuri: akwai ilimi a ciki. Akwai maƙalun da na ƙaru da su sosai. Abin da ya gaza ba bincike ba ne, aikin edita ne da aikin ɗab'i. A kansu zan yi magana.

NA FARKO: ABIN DA IDO YA GANI

Ga kaɗan daga abin da na tsinta, kuma duk mun sha tattauna su a wannan shafi:

shine → shi ne
itace → ita ce
kenan → ke nan
za'a → za a
ba'a → ba a
saidai → sai dai
sunce → sun ce
ya na, su na → yana, suna
gidan sa → gidansa
bincike akan karin magana → bincike a kan karin magana

Wani zai ce ai ƙananan abubuwa ne. To, ba ƙanana ba ne. "Itace" na murhu ne. Wanda ya rubuta "Hausa itace" ya mayar da harshenmu makamashi. "Akan" kuwa sabo yake nunawa, kamar a ce "akan yi shara da safe", ba shi ne "a kan" na bisa ko na "game da" ba. Ma'ana ce take sauyawa, ba ado ba.

Abin da ya fi damuna ma ba kuskuren ba ne, rashin tsayawa a kan hanya ɗaya ne. Maƙala ta farko ta rubuta "ilimi", ta biyu "ilmi". Wannan ya ce "jimla", wancan ya ce "jumla". Nijeriya a nan, Najeriya a can, Nigeria a shafi na gaba. A irin waɗannan wurare ba na cewa wane ya yi kuskure, akwai saɓani na gaske a tsakanin masana. Amma mujalla gida ce, kuma kowane gida da tsarinsa. Aikin edita ne ya zaɓi ɗaya, ya rubuta a ƙa'idar mujallarsa, ya bi da kowa a kai. Wannan fitowar ba ta yi kama da gida ba, ta yi kama da tasha: kowa ya sauke kayansa yadda ya ɗauro su.

Kada mu manta ƙa'idojin nan ba daga sama suka faɗo ba. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko. A shekarun 1930 aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa. An zauna a Bamako a 1966, an kuma zauna a Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Su wa suka yi wannan wahala? Malaman malamanmu. To, in mujallar magadansu ba ta bi ba, da wane baki za mu ce wa mai rubuta labari a waya ya bi?

NA BIYU: ABIN DA IDO BA YA GANI

Nan ne babbar ɓarnar take, kuma yawancin editoci ba su ma san tana nan ba.

Na so in kwafo wani sakin layi daga mujallar in aika wa ɗalibin nan. A fuskar kwamfuta rubutun tsaf yake, ƙugiyoyi duk sun fito. Ina manna shi a WhatsApp sai ga abin da ya bayyana: "}asar Hausa", "wa]annan", "~angare". Na koma wata maƙalar na sake gwadawa, wannan karon sai ga "qasa", "xaya", "vangare". Duk wanda ya taɓa karɓar fayil ɗin kundin digiri daga wani ya san wannan annoba.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi yana da lambarsa, shi kuma zubin haruffa, wanda 'yan kwamfuta ke ce wa font, riga ce kawai da ake sa wa lambar domin ido ya gani. A da can, manhajojin da muke da su ba su ba mu hanyar buga ɓ da ɗ da ƙ ba. Sai masu hikima suka yi dabara: suka ɗauki maɓallan da Hausa ba ta amfani da su, irin su q da x da v, ko alamomi irin su } da ] da ~, suka ɗinka musu rigar baƙaƙenmu. Ka danna x, ido ya ga ɗ. A wancan zamani wannan babbar hidima ce. Farfesa Abdalla Uba Adamu yana cikin waɗanda suka yi wa Hausa wannan aiki a shekarun 1990, da zubin Rabi'at da na Abdalla, kuma littattafai da kundaye masu yawa ta irin wannan hanya suka samu fitowa da ƙugiya. Allah ya saka musu da alheri.

Amma rigar aro ce. Muddin takarda za a buga, ba matsala, tawada ba ta tona asiri. Da zarar rubutu ya shiga intanet, ko ya koma kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai rigar ta zame, x ya koma x ɗinsa. Alhali tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba baƙaƙenmu lambobinsu na kansu: ƙ tana da 0199, ɗ tana da 0257, ɓ tana da 0253, ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa tana da 01B4. Yau shekara sama da 30 ke nan, amma har yanzu ana ɗora mujalla a intanet da rigar aro.

Me hakan ke jawowa? Ka buɗe irin wannan fayil ka nemi kalmar "ƙasa", zai ce maka babu, alhali tana nan fal a kowane shafi. In kai da fayil ɗin yake hannunka ba ka same ta ba, yaya ɗalibin da ke Damagaram ko Kumasi zai same ta ta hanyar Google Scholar? Malam ya shekara yana bincike a kan waƙoƙin baka, amma a wurin na'ura "waqoqin baka" ya rubuta. Mai nema ya nema ya rasa, sai ya rubuta a kundinsa cewa ba a taɓa aiki a kan wannan batu ba. Manhajar gano satar fasaha ma haka: yaya za ta gane cewa "wa]annan" na wancan fayil shi ne "waɗannan" na wannan? Ɓarawon rubutu ya samu mafaka ke nan.

A wannan fitowa guda na ga kalmar "ɗaya" da kamanni biyar: ɗaya, daya, d'aya, xaya, ]aya. Kalmar ma'anarta ɗaya, rubutunta biyar!

Sai masu gyaran gangar auzinawa. Wani ya gane matsalar, sai ya umarci kwamfuta ta mayar da kowane v ya koma ɓ, kowane x ya koma ɗ, kowane q ya koma ƙ, a fayil ɗin gaba ɗaya. Hausar ta gyaru. Amma je ka shafin manazarta ka sha kallo: "Uniɓersity", "Oɗford", "Ƙuarterly". An yi wa Hausa magani, an sa wa Ingilishi ciwo. Wannan shaida ce ƙarara cewa babu mahalukin da ya karanta shafin kafin a ɗora shi.

Wasu kuma sun gaji, sun yar da ƙugiyar gaba ɗaya. A labarin soyayya mai karatu zai iya cankar ma'ana. Amma a maƙalar tsarin sauti fa? Ɗauki wannan jimla: iska tana fita ta baki wajen furta baƙi. Cire ƙugiyar ka sake karantawa. Haka kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, fada da faɗa, bata da ɓata, kare da ƙare, sako da saƙo. Ƙugiya ba kwalliya ba ce, baƙi ne mai zaman kansa.

Har ɗan apostirofin nan na "'yan" da "'ya'ya" bai tsira ba. Manhajar Word tana ɗaukar sa a matsayin buɗe zance, sai ta juya masa fuska. Ka duba da kyau, a shafi guda za ka ga wani ya kalli gabas wani ya kalli yamma.

NA UKU: KARIN SAUTI DA YA ƁACE

A rubutun yau da kullum ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali, kowa ya sani. Amma maƙalar ilimin harshe ba ta da makawa sai da su, domin su ne hujjar. "Fara" kalmomi uku ce: faaràa ta somawa, fàaraa ta ci da yaji, faraa ta launi. "Kuka" biyu ce: kuukaa na hawaye, kuukàa ta miya. "Gari" ma haka: gàrii na mutane, gàarii na tuwo.

A ɗaya daga cikin maƙalun, marubucin ya gina bayaninsa kacokan a kan bambancin karin sama da na ƙasa da faɗau. Wajen tsara shafi sai alamomin suka goce. Wasu suka hau kan baƙi maimakon wasali, wasu suka koma akwatuna, wasu suka ɓace. Sai ka ga misali na (a) da na (b) iri ɗaya sak, marubuci kuma yana cewa a lura da bambancin da ke tsakaninsu. Wane bambanci? Na tabbata daidai ya aika. A hanya aka kashe masa hujja, kuma da an tura masa shafukan ya duba kafin a saki mujallar, da a minti biyar ya gani.

NA HUƊU: TSAKUREN DA BA HAUSA BA

Tsakure shi ne ƙofar maƙala. A intanet ma sau da yawa shi kaɗai ake karantawa. Amma shi ne wurin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tun da Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, wasu sun samu gajeriyar hanya: a rubuta da Ingilishi, a zuba wa na'ura, a kwaso, a manna. Ba na cewa haramun ne a nemi taimakon na'ura. Laifin shi ne a kwaso ba a tace ba.

Alamominsa ba sa ɓuya. Za ka ga an ce takarda "tana jayayya cewa". Da wa take jayayyar? Bahaushe cewa zai yi maƙalar ta nuna, ko ra'ayin marubucin shi ne. Za ka ga "a ɗaya hannun", alhali muna da "a ɗaya ɓangaren" da "amma kuma". Za ka ga jinsi ya rikice: "binciken ta gano", "maƙalar ya tattauna". Bincike namiji ne, maƙala mace ce, ko ɗan firamare ya san wannan a bakinsa.

Sai keɓaɓɓun kalmomi. Tun 1990 aka fitar da Hausa Metalanguage wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ba a ce sun ƙare komai ba, ilimi yana ta haihuwar sababbin kalmomi. Amma ya kamata marubuci ya fara leƙa su kafin ya ƙirƙiro tasa. In kowa zai raɗa wa abu guda sunan da ya ga dama, fitilun kalmomin da ake jerawa a ƙarƙashin tsakure ba za su haska wa kowa hanya ba.

TO, INA MAI GYARA YA TAFI?

A nan dole mu yi adalci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A zamanin ɗab'in gargajiya, rubutu yakan bi ta hannaye da yawa kafin ya fito. Marubuci ya miƙa, edita ya duba, masu tantancewa su auna ilimin, mai gyaran rubutu ya bi shi kalma bayan kalma, mai jera haruffa ya jera, a buga gwaji a mayar wa marubuci ya sake dubawa. Abin yana cin lokaci, amma kowane hannu rariya ne. Kwamfuta ta zo ta sauƙaƙa aikin, sai muka ɗauka ta maye gurbin mutanen. Ba ta maye ba, korar su kawai ta yi. Yanzu marubuci shi ne mai buga rubutunsa, edita ya tattara fayiloli, a kai wa yaron shagon kwamfuta ya haɗa su wuri guda ya mayar PDF, shi ke nan mujalla ta fito. Yaron nan ba laifinsa ba ne, ba a koya masa ƙa'idar rubutu ba, tsara shafi aka ce ya yi.

Shi kansa editan wane ne? Malami ne mai azuzuwa cike da ɗalibai, ga duba kundaye, ga taruka, ga jarrabawa. Aikin mujalla ƙari ne aka ɗora masa, galibi ba ko sisi. Da kuɗinsa yake sayen data, da cajin da ya rage a kwamfutarsa yake aiki in an ɗauke wuta. Masu tantancewa su ma kyauta suke yi, kuma abin da aka roƙe su shi ne su duba ingancin bincike, ba su bi "za'a" suna cire apostirofi ba. Kowa yana zaton wani zai gyara. A ƙarshe ba wanda ya gyara.

Ga kuma matsin ƙarin girma. Malamin jami'a ba ya hawa mataki sai da adadin maƙalu, don haka in lokacin miƙa takardu ya matso, wayar edita ba ta hutawa: "Ranka ya daɗe, yaushe za ta fito?" Mujalla kuma da kuɗin da marubuta suka biya take rayuwa. Mai biya yana sauri, mai karɓa yana jin nauyi. A irin wannan yanayi, gyaran rubutu shi ne abu na farko da ake yarwa, domin kwamitin ƙarin girma ƙirga maƙalu yake yi, ba ya ƙirga ƙugiya.

Wannan matsi ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. Shi ne ya haifar da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tantancewa, waɗanda wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi suna wajen fallasa su daga wajen 2010. Mujallunmu na sassan Hausa ba irin waɗannan ba ne, malamai ne na gaske suke tafiyar da su. Amma mai kallo daga waje da me zai bambance? Da abin da ya gani a shafi. In ya ga "Uniɓersity", ya gama yanke hukunci.

Sai maganar adana. Mujallar takarda ko ta yi ƙura tana nan a kantar laburare. Ta intanet kuwa, ranar da aka kasa biyan kuɗin shafin, ko wanda ke riƙe da kalmar sirri ya yi ritaya, shi ke nan ta bi iska. Na sha danna adireshin maƙala in tarar da kango. Wasu kuma hoton shafukan suke ɗauka su ɗora, rubutu ya zama hoto, ba a nema, ba a kwafa, makaho mai amfani da manhajar karanta rubutu ba shi da rabo.

ABIN DA MUKE ASARA

Na farko, hujja. Mujallar nazarin Hausa ita ce kotun ƙoli ta rubutun Hausa. In malamin sakandare ya yi gyara, ɗalibi ya kawo masa shafin mujalla, magana ta ƙare.

Na biyu, suna. A ce sunan marubuci Ɗanladi. A wannan mujalla Ɗanladi, a waccan Danladi, a wata Xanladi, a wata [anladi. A wurin na'urar da ke ƙirga ambato, mutum huɗu ne. Wahalarsa ta rabu gida huɗu, sai a ce malaman Hausa ba a ambaton aikinsu.

Na uku, gobe. Manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira daga rubutun da ke intanet suke koyon harshe. Rubutun malamai ya kamata ya zama mafi tsabtar abin da za su samu. In mun ba su "shine" da "qasa", su za su dawo wa 'ya'yanmu da su, kuma a lokacin ba mu da bakin ƙorafi.

MAFITA

Ba na son in yi suka in tashi. Ga abin da nake ganin kowace mujalla za ta iya, yawancinsa ba ya buƙatar kuɗi:

1. A rubuta ƙa'idar gida, ko da shafi biyu ce: raba kalma da haɗe ta, zaɓi tsakanin ilimi da ilmi, yadda za a sa karin sauti, yadda za a jera manazarta. A ɗora ta inda kowane marubuci zai gani kafin ya aiko.

2. A daina karɓar maƙala da tsohon zubi. Unicode kawai. Wayoyinmu suna da allon rubutun Hausa a Gboard, Windows yana da nasa, ga Keyman kyauta. A Word ma, ka rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, ƙ za ta fito. Zubi irin su Charis SIL da Gentium da Noto kyauta ne, kuma suna ɗauke da ƙugiyoyi da alamomin karin sauti.

3. A naɗa editan harshe, a sa sunansa a bangon mujalla, a ware masa wani abu daga kuɗin da marubuta suke biya. Sassan Hausa cike suke da ɗaliban digiri na biyu da na uku da za su iya, su ma su ƙaru.

4. Kada a saki fitowa sai kowane marubuci ya ga shafukansa na ƙarshe ya amince.

5. A yi gwajin minti ɗaya: a kwafo sakin layi daga PDF ɗin a manna a waya. In ƙugiya ta fito, madalla. In } ta fito, a koma baya.

6. A nemi masauki mai ɗorewa. Manhajar OJS ta tafiyar da mujallu kyauta ce. AJOL, wadda ke tattara mujallun Afirka tun 1998, tana nan. A yi rajistar lambar DOI ta gaske, a kuma danna ta a tabbatar tana kaiwa ga maƙalar. Marubuta su buɗe ORCID domin sunansu ya tsaya wuri guda.

7. Tsofaffin fitowa da ke cikin rigar aro a juya su a hankali, maƙala bayan maƙala, a tsallake Ingilishin da ke ciki. Wannan kaɗai aikin alheri ne da sashe zai iya sa ɗalibansa su yi a zango guda.

Ɗalibin nan kuwa ga amsar da na ba shi. Na ce ba ni za ka bi ba, ba kuma shafin mujallar za ka bi ba, ƙa'ida za ka bi. Ka je ka tambayi malamin da ya rubuta maƙalar a aji, da bakinsa zai ce maka "shi ne" kalmomi biyu ne. Abin da ka gani ba fatawarsa ba ce, gyara ne da ba a yi ba.

Malamaina editoci, ku gafarce ni in na yi kaushi. A hannunku muka koyi abin da muke faɗa a wannan shafi, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku kuma 'yan'uwa, ga aikin gida: kowa ya ɗauko wata maƙala ta Hausa da ke wayarsa, ya yi gwajin nan na lamba 5, ya zo ya faɗa mana abin da ya fito. Ban da ambaton sunan mujalla ko na marubuci, don Allah. In kuma kun tsinci kuskure a wannan rubutu nawa, ku gyara mini a fili, ni ma ba ni da edita.

Allah ya sa mu dace.